Maigidana yana ɓoye zafin tiyatar ƙirji, ya ƙi shan magani

Assalamu alaikum Anti. Yau kwana 12 da yi wa maigidana tiyata a ƙirji, aka cire wani sashe na huhunsa na dama saboda ƙari da aka gano. Shekarunsa 54. Ta gefe aka tsaga, tsakanin haƙarƙari, kuma likita ya ce aiki ya yi kyau. Ranar da za a sallame mu aka kawo takarda ana tambayar ko ya gamsu da kulawar da aka yi masa, ya ce a rubuta ɗari bisa ɗari. Amma ni da nake kwana kusa da shi na san abin da ake ciki. A zaune yake kwana. In tari ya taso masa sai ya danne. Magani uku aka ba mu, farasitamol da ibufurofen da tiramadol. Farasitamol kaɗai yake yarda ya sha, shi ma sai abin ya kai masa iya wuya. Tiramadol kuwa ya ce ko kusa, don ya ga yadda ya lalata ɗan wani abokinsa. Kafaɗarsa tana ciwo, fatar ƙasan nononsa kuma ya ce kamar ba a jikinsa take ba. Jiya har cewa ya yi da ya sani da bai yarda an yi aikin ba. In na ce mu kira likita sai ya ce shi ba yaro ba ne. Shin aikin ne ya lalace? In kira likitan a ɓoye? Na rasa yadda zan yi.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. A duk abin da kika lissafa ban ga alamar cewa aikin ya lalace ba. Ciwon kafaɗa, mutuwar fata a ƙasan nono (wato rashin jin taɓi a wurin), kasa kwanciya a miƙe, duk wanda ya yi jinyar masu tiyatar ƙirji ya saba ganinsu. Na daɗe a bakin gadon irin waɗannan majinyata, kuma wasiƙarki ta tuna mini fuskoki da yawa. Abu ɗaya ne a cikinta ya tayar mini da hankali, shi ne tarin nan da yake dannewa. Saboda shi nake so a yi magana da likitansa yau ko gobe da safe, kada a jira ranar da aka ba ku ta komawa asibiti.

Tsagar ƙirji tana cikin tiyatar da ta fi zafi, kuma akwai dalili. Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, a ƙarƙashin kowanne kuma akwai jijiyar ji da ta taso daga ƙashin baya ta zagayo har gaban ƙirji. Kafin likita ya kai ga huhu sai ya ratsa fata da tsoka, sannan ya sa wani ƙarfe tsakanin haƙarƙari biyu ya buɗa su, su zauna a buɗe har a gama aiki. Duk tsawon lokacin nan jijiyar a matse take. Bayan an rufe kuma akan bar tiyo a cikin ƙirji na 'yan kwanaki don ya fitar da iska da ruwa, shi ma yana gogar tantanin da ya shimfiɗe cikin ƙirji, wanda ko kaɗan ba ya son taɓi. To, wanda ya karye a ƙafa ana ɗaure ƙafar ta huta. Ƙirji ba ya samun wannan hutun. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato sama da sau 17,000 a kwana guda, kuma kowane numfashi sai ya motsa wurin da aka ɗinke. Mutumin da ya ɗauki wannan har kwana 12 da farasitamol jefi-jefi, in ya kasa barci babu wanda zai ce raki yake yi.

Ciwon kafaɗar yakan rikita mutane, tunda ba a taɓa kafaɗa ba. Akwai shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ce injin numfashi, kuma jijiyar da ke kula da ita daga wuya ta sauko, daga inda jijiyoyin kafaɗa suka fito. In aka fama wannan tsokar ko tantanin da ke kusa da ita, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka kafaɗa ce ke ciwo. Ga kuma kwanciyar da ya yi a kan teburin tiyata ta gefe ɗaya, hannu a ɗage, na tsawon sa'o'i. Mutuwar fatar kuwa aikin jijiyar haƙarƙarin nan ce: a gefe aka matse ta, amma a gaba ake jin sakamakon, domin can ta ƙare. Takan farfaɗo a hankali cikin watanni, kuma lokacin da take farfaɗowa yana iya jin tsikari ko ƙuna ko wani abu kamar fizgar lantarki. Wasu kan rage da ɗan wurin da bai dawo daidai ba, ba tare da ya hana su komai ba.

Yanzu maganar tari. Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska. Mai jin zafi yakan ja numfashi sama-sama don kada ya fama ciwon, sai jakunkunan da ke can ƙasa su rasa iska, su lafe su manne. Kaki kuma, wanda yakan ƙaru bayan an taɓa huhu, ya taru a wurin ya kwanta, ƙwayoyin cuta su sami masauki. Daga nan sai zazzaɓi da nimoniya, wato ciwon huhu da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, kuma maigida an riga an rage masa. Abin da ya saura dole ya buɗe sosai ya ɗauki aikin wanda aka cire, ba zai buɗe ba kuwa sai da dogon numfashi da tari da tafiya. Waɗannan ukun duka zafi ne ke hana su. Shi ya sa a wajenmu maganin kashe zafi bayan tiyatar ƙirji yana cikin maganin huhun kansa.

Ba na manta wani dattijo da na yi jinya. Duk lokacin da muka zo zagaye aka tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, har da murmushi. Rana ta biyu na tsaya a gefen gadonsa ban ce komai ba, ina kallon ƙirjinsa. Gefen da aka yi wa aiki kusan ba ya motsi, yatsunsa kuma sun damƙe ƙarfen gado har sun yi fari. Tari ya taso masa, na ga ya rufe ido ya haɗiye shi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, hoton ƙirji ya nuna ƙasan huhun ya lafe. Da kyar 'yarsa ta shawo kansa ya karɓi allura. Bayan rabin awa na ba shi filo ya rungume, ya yi tari uku, kaki mai kauri ya fito. Ya dube ni ya ce, “Ashe haka abin yake da sauƙi?” Daren nan ya yi barcin da bai yi ba tun ranar tiyata. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, amma likita minti nawa yake yi a gaban majinyaci? Abin da baki ya faɗa masa da shi zai yi aiki.

Tsoron da maigida yake yi wa tiramadol kada ki raina shi, kada kuma ki nuna masa cewa shirme ne. Ya ga abin da idonsa, kuma gaskiya ne maganin yana cikin dangin mofin da kodin, waɗanda ke iya kama mutum. Sai dai a duba yadda kamun yake faruwa. Mafi yawa yakan zo ne ga wanda yake sha ba don ciwo ba, ko yake ƙara yawa da kansa, ko ya ci gaba da sha makonni da watanni bayan ciwon ya wuce. Wanda aka tsaga wa ƙirji, aka rubuta masa adadi sananne na kwanaki ƙididdigaggu, ana rage masa yana samun sauƙi, haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin nimoniya ga mai danne tari ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Duk da haka, da ni ce ke, ba zan mayar da tiramadol abin ja-in-ja ba. Babbar ɓarakar tana wajen sauran biyun: farasitamol jefi-jefi yake sha, ibufurofen kuma ba ya sha. Maganin zafi ya fi aiki in an sha shi kan lokaci, kafin zafin ya hau. In aka bari ya kai ƙololuwa sannan aka sha, sai a ga kamar maganin ba ya komai, domin jijiyoyi sun riga sun harzuƙa. An haɗa masa kala uku ne saboda kowanne ta hanyarsa yake bi: ibufurofen yana rage kumburi a wurin ciwon, farasitamol da tiramadol kuma suna rage yadda saƙon zafin ke isa ƙwaƙwalwa. In biyun farko suna tafiya bisa agogo, buƙatar na ukun takan ragu ƙwarai, a kwana na 12 ma wataƙila sai da dare kawai, ko rabin awa kafin motsa jiki. Ki gwada ce masa ke za ki riƙe kwalin, ki rubuta kowace ƙwaya da lokacinta a takarda, likita kuma ya sa ranar da za a daina. Mutum in ya ga abu yana da iyaka kuma ana ƙirga shi, zuciyarsa takan kwanta. In ya ce duk da haka ba ya so, to a faɗa wa likita ƙarara. Akwai wasu hanyoyin, har da allurar da ake yi kusa da jijiyar haƙarƙari a kashe wurin. Ƙin magani ɗaya haƙƙinsa ne. Abin da bai kamata ba shi ne likita yana zaton ana sha alhali kwalin yana nan ba a buɗe ba.

Ga 'yan ƙa'idoji da nake so ki riƙe da kyau, ko da yake abin da ke rubuce a takardar likitansa shi ne gaba da maganata. Farasitamol ga babban mutum ba ya wuce giram 4 a cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ciwon hanta ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, nasa bai kai haka ba. Ki riƙa duba kwalin duk wani maganin mura ko na ciwon jiki, domin da yawansu da farasitamol a ciki, sai mutum ya zarce bai sani ba, hanta kuma ita ke biya. Ibufurofen a sha shi bayan an ci wani abu, kuma in yana da gyambon ciki, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ko yana shan maganin tsinka jini, a tabbatar likita ya san da haka kafin a ci gaba. Tiramadol ba ya haɗuwa da maganin barci ko barasa, kuma mai farfaɗiya ko mai shan maganin damuwa dole ya sanar. Yakan kawo jiri da tashin zuciya da taurin bayan gida. Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi, don yunƙuri a ban-ɗaki da ɗinki a ƙirji wata azaba ce ta daban. Ya yawaita shan ruwa, ya yi tafiya, a roƙi likita maganin sassauta ciki. Ba tuƙi muddin yana shan sa. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, abin da ya rage kuma a mayar wa masu ba da magani.

Tarin ma akwai yadda ake yin sa. Kamar minti 30 bayan ya sha magani, ya zauna a bakin gado ƙafafu a ƙasa, ya ɗan sunkuya gaba. Ki naɗe tawul ko ki ba shi ƙaramin filo ya ɗora a kan ɗinkin ya danne da damtsensa. Ya ja numfashi ta hanci a hankali har ya ji ƙasan ƙirji ya cika, ya riƙe kamar daƙiƙa 3, ya saki ta baki. Sau uku ko huɗu. Sannan ya buɗe baki ya huro iska da ƙarfi kamar mai son turara madubi, wannan yakan taso da kakin sama ba tare da girgiza ƙirji sosai ba, sai tari ɗaya ko biyu su fitar da shi. Ki tabbatar masa ɗinkin ba zai farke don tari ba, domin wannan tsoron yana cikin zuciyar kusan kowane majinyaci ko bai furta ba. In an ba ku na'urar nan ta roba mai ƙwallaye da ake zuƙa, sau 10 a kowace awa in yana farke. Tafiya kuma kullum, yau daga ɗaki zuwa ƙofa, gobe a ƙara kaɗan. Tana buɗe huhu, tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Hannun gefen da aka yi aikin ya riƙa ɗaga shi, ya tsaya gaban bango yana hawa da yatsu sama sannu a hankali, in ba haka ba kafaɗar za ta sandare. Kwanan zaune ba laifi ba ne a yanzu, ki jera masa filo ya kishingiɗa. Abu biyu ne a guje musu: ɗaure ƙirji tam da zane ko bandeji don rage zafi, wanda yake hana huhu buɗewa, da ɗaukar kaya mai nauyi kafin kamar mako 6 ko lokacin da likita ya ba da izini. In yana shan taba, hayaƙinta shi ne babban abokin gabar wannan huhun.

Kin tambaya ko ki kira likita a ɓoye. Ban ba ki wannan shawarar ba. Mutumin da aka kwantar, aka tsaga, ake tayar da shi ana zaunar da shi, abin da ya rage masa shi ne ikonsa a kan maganar jikinsa. In ya gano an zagaye shi, zai ƙara rufe bakinsa, har ke ma ya fara ɓoye miki. Amma kuma ba na ce ki zauna jiran izini har illa ma sha Allahu ba. Ki nemi lokacin da zafin ya ɗan lafa, ba tsakar dare ba, ki zauna kusa da shi ki ce, “Maigida, na san kana da juriya, ban taɓa shakkar wannan ba. Tarin nan da kake dannewa ne yake ba ni tsoro, don an ce yana iya kwantar da kaki a huhu. Zan kira likita in tambaya. Ka fi so ka yi maganar da kanka, ko in yi kana ji?” Kin ga ba ki ce ya gaza ba, ba ki kuma bar ƙofar a rufe ba. In akwai wanda yake jin maganarsa, yayansa ko amininsa, ki sa shi a ciki.

In an samu likitan, kada a ce masa “yana jin jiki” a tsaya nan. A asibiti ana auna zafi daga 0 zuwa 10, sifili babu komai, 10 kuma mafi tsananin da mutum zai iya tunani. A ba shi lamba biyu, ta lokacin da yake zaune shiru da ta lokacin tari ko tashi, domin ta biyun ita ce ta fi muhimmanci a tiyatar ƙirji. A faɗi irin zafin: zogi ne mai nauyi, suka ce, ƙuna ce, ko taɓawar riga kaɗai tana tayar da shi? Wannan bambancin yana canza magani, saboda zafin jijiya ba ya jin farasitamol sosai, akan ba shi irin su gabafentin ko amitiriftilin, su kuma sai sun ɗauki kwanaki kafin a ga aikinsu. A faɗi awa nawa yake barci, da ainihin ƙwayoyin da ya sha da waɗanda bai sha ba. Tun 1968 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Margo McCaffery, ta kafa ƙa'idar da har yau ake koya wa masu jinya, cewa zafi shi ne abin da mai jin sa ya ce yana ji, a lokacin da ya ce yana jin sa. Babu na'urar da ke auna shi kamar yadda ake auna hawan jini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan ya kawo ni kan takardar da ya cike. Ni ban ɗauka ƙarya ya yi ba. Godiya ya yi. An cire masa abin da yake tsoro, an yi masa magana da mutunci, ya fito da ransa, sai ya ga ambaton zafi kamar butulci ne. Sanannen abu ne a wajen masu aikin lafiya cewa majinyata da yawa sukan ce sun gamsu ko da sun sha zafi mai tsanani, saboda sun ɗauka haka tiyata ta gada, kuma ba sa son ɓata wa wanda ya kyautata musu. Matsalar ita ce masu kula da shi sun karanta ɗari bisa ɗari sun rufe fayil da kwanciyar hankali. Abin da na lura da shi a tsawon aikina shi ne, waɗanda suka fi gamsuwa ta gaskiya su ne waɗanda aka gaya wa tun kafin aiki abin da za su ji da tsawon lokacin da zai ɗauka, aka yarda da su da suka ce yana ciwo, aka kuma yi shawara da su kan magani. Wani yakan sha zafi fiye da na maigida amma hankalinsa kwance, don ya san ciwon kafaɗar nan daga ina yake kuma ya san zai wuce. Zafin da ba a san dalilinsa ba ya fi cin rai. Saboda haka ki karanta masa bayanin jijiyar nan da na yi a sama, ko ki sa likita ya maimaita masa da bakinsa.

Maganar “da na sani” kuwa, ki saurare ta da kunne biyu. Mutumin da ya yi kwana 12 ba barcin kirki zai faɗi abin da ya fi haka. Amma ina zargin akwai wani abu a ƙarƙashinta. An cire ƙari, kuma bisa al'adar aikin akan aika da shi ɗakin gwaji a duba ko wane iri ne. Ba ki ce mini sakamakon ya fito ba. In bai fito ba, mai yiwuwa kowace suka da ya ji a ƙirji yana fassara ta da cewa cutar ce take ci gaba. Fargaba tana ƙara zafi, zafi yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara fargaba. Wata rana in kun keɓe ki tambaye shi a hankali me ya fi tsoro, ki yi shiru ki bar shi ya faɗa, ko da ba ki da amsa. In kika ga baƙin cikin ya zarce mako biyu, ya daina sha'awar komai, ya daina son ganin mutane, wannan ma abin gaya wa likita ne.

Game da abin da ke gaba, yawanci zafin yakan ragu a fili cikin mako 4 zuwa 6, ko da yake tsikari da ɗan zogi sukan leƙo na wasu watanni. In ya wuce wata 3 yana nan, ba a cewa a ci gaba da haƙuri kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin rarraba cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta ba zafin da ya daɗe haka bayan tiyata matsayin lalura mai zaman kanta, kuma tsagar ƙirji tana cikin ayyukan da suka fi barin sa. Akwai likitocin da aikinsu ke nan. An kuma lura cewa waɗanda suka sha zafi mai tsanani a makonnin farko sun fi shiga wannan hali, wanda hakan wani dalili ne na kada a bar shi yana cizon haƙori yanzu. (Ga masu karatu da tiyatar tasu ke tafe: ku tambayi likitan da zai sa ku barci tun kafin ranar, wane shiri aka yi na kashe zafi, ko za a sa siririyar roba a baya ko allura kusa da ƙashin baya, kuma ko aikin zai yiwu ta ƙananan huji da kyamara, wanda yawanci zafinsa bai kai na babbar tsaga ba.)

Akwai kuma halin da ba a tsayawa lallashi ko shawara, sai dai a nufi asibiti ko ƙarfe nawa ne. Numfashi ya yi masa wuya farat ɗaya ko yana ƙara tsananta. Zazzaɓi ya kai digiri 38. Kaki ya koma kore ko ruwan ɗorawa mai wari, ko jini ja ya fito fiye da ɗan ɗigo. Ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko ya buɗe. Ƙirji ko wuya ya kumbura, in an taɓa fatar ana jin ƙaras-ƙaras kamar iska a ƙarƙashinta. Sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ko wani sabon ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse. Haka nan in ya sha tiramadol kika ga barci ya yi masa nauyi har tashinsa yana wuya, ko numfashinsa ya ragu ƙwarai, kada ki ƙara masa ko ɗaya, ki nemi taimako nan take.

Ke kuma, ƙanwata, wasiƙarki ta nuna mini ke ma kwana 12 ke nan ba ki runtsa yadda ya kamata ba. Ki samu wani cikin dangi ya karɓe ki ko da na awa uku da rana ki kwanta, don jinyar nan da sauran makonni a gaba. Daren yau ki fara da abu mai sauƙi: takarda da biro a gefen gado, farasitamol a kan lokacinsa, filo a hannunsa kafin tari ya zo. In kun yi magana da likita ki sake rubuto mini, ina so in ji lambar da maigida ya faɗa da abin da aka canza masa. Ki gaishe shi da jiki.